Me ya sa faɗa ya fi saurin tashi a intanet fiye da gaba da gaba?

Admin: Assalamu alaikum jama'a. Batun wannan makon shi ne wanda kuka zaɓa da kanku. Mutanen da ke gaisawa har da rusunawa a masallaci ko wurin ɗaurin aure, da zarar sun haɗu a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook sai ka rantse ba su taɓa sanin juna ba. Me ke kawo haka? Muna son bayani mai tushe, irin wanda admin na wani zauren zai ɗauka ya yi aiki da shi. Bismillah.

Bakano: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga abin dogon nazari a nan ba. Ɓoye suna ne. Mutum ya buɗe shafi da sunan bogi da hoton da ba nasa ba, babu wanda ya san gidan ubansa, to tsoron me zai ji? A tilasta wa kowa rajista da lambar NIN a ga ko zagin bai mutu ba.

Dakta: Malam Bakano, an gwada wannan shawarar taka, kuma ƙasa guda ce ta gwada. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2007 cewa manyan shafukan intanet su tantance ainihin sunan mutum da lambar shaidarsa kafin ya yi tsokaci. Zagin bai ragu yadda aka yi zato ba, mutane da yawa suka koma shafukan ƙasashen waje da dokar ba ta hau kansu ba, sannan a 2011 ɓarayin intanet suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35 daga wani babban shafin ƙasar. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar.

Akwai kuma binciken Jami'ar Zurich na 2016. Sun duba tsokaci sama da 500,000 a wani shafin ƙorafe-ƙorafen jama'a na Jamus, suka tarar masu rubutu da sunansu na gaskiya sun fi masu ɓoye suna zafin baki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ɗauka yana kare gaskiya ko addini ko jam'iyyarsa, so yake a san shi ne ya faɗa, domin a wurin mutanensa zagin nan lambar yabo ce. Ku leƙa Facebook na Hausa kawai. Galibin masu ɗura ashar da sunansu suke yi, da hotonsu sanye da babbar riga, har da sunan garinsu.

Ɓoye suna yana da nasa tasirin, ban musa ba. John Suler, masanin halayyar ɗan Adam, ya sa shi cikin abubuwa 6 da ya lissafa a maƙalarsa ta 2004 kan yadda intanet ke cire wa mutum birki. Sauran su ne ba a ganin ka, amsa ba ta zuwa nan take, kana ƙirƙiro muryar abokin maganarka a cikin kanka, kana jin kamar wasa ake yi ba rayuwa ba, sannan girma da muƙami ba sa bayyana. Ɗaya ne cikin shida, kuma ba shi ne babba ba.

Bakano: To wanne ne babban, Dakta?

Dakta: Ido. A 2012 wasu masu bincike a Isra'ila, Lapidot-Lefler da Barak, sun raba ɗalibai 142 bibbiyu, suka ba kowane biyu gardama mai zafi ta rubutu: magani ɗaya ne tak na ceton rai, kowa yana so a ba nasa. Sai suka riƙa canza abu uku. Wasu sun san sunan juna, wasu ba su sani ba. Wasu suna ganin jikin juna ta kyamara, wasu ba sa gani. Wasu kuma an saita musu kyamara daidai ido yadda za su riƙa haɗa ido. Abin da ya fi rage baƙar magana da barazana shi ne haɗa idon, ya fi sanin suna tasiri. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanenmu. Idan ka fara magana ka ga fuskar mutum ta canza, tun kafin ka kai ƙarshen jimla ka sassauta. A waya sai ka kai ƙarshen sakin layi na biyar ba abin da ya tsayar da kai.

Malamar Hausa: Dakta, bari in ɗora a kan naka ta ɓangaren harshe, don nan ne nake ganin an fi yin asara.

Hira ta baki tana da gyara a cikinta wanda ba ma lura da shi. An auna harsuna 10 a wani bincike na 2009, aka ga tazarar da ke tsakanin shirun mai magana da amsar abokinsa a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Wani binciken na 2015 a harsuna 12 ya nuna kusan kowane minti ɗaya da rabi sai wani ya tsayar da magana ya nemi a gyara masa: "Iye?", "Wa kake nufi?", "Wai jiya ko shekaranjiya?" Wato rashin fahimta yana tasowa kullum, amma ana kashe shi yana ɗan tsako. A rubutu ba haka ba ne. Ka karanta ka fahimta a karkace, ka kwana da abin a ranka, ka tashi ka rubuta martani mai tsawo a kan abin da mutumin bai ma nufa ba. Shi kuma ya ga an far masa babu dalili, ya rama. Kafin a gano inda aka saɓa, an riga an ambaci iyaye.

Na biyu, murya. Kruger da Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan a 2005. Aka ce mutane su aika jimloli, wasu da gaske wasu da gatse. Masu aikawa ta imel sun yi zaton za a gane nufinsu kusan kashi 78 cikin 100. Da aka duba, kashi 56 aka gane, wato kaɗan ya fi canki-canka. Waɗanda suka faɗa da murya kuwa an gane nasu sama da kashi 70. Abin lura shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake rubutawa, sai ya ɗauka ta bi saƙon ta tafi. Ba ta tafi ba.

Mu kuwa namu ya fi na Turawan muni. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, yawancin masu waya kuma ba sa sa ƙugiya. Sannan dubi kalmomin da muke rayuwa da su: "To." "Madalla." "Sannu da ƙoƙari." "Allah ya kyauta." "Ka kyauta." Kowacce tana iya zama addu'a, tana iya zama mari, murya ce kaɗai ke raba su. Al'ummar da ta ƙware a habaici da gugar zana, in ka ba ta rubutu marar murya, kowa zai riƙa neman habaici ko a inda babu.

Bazazzagi: Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarbawa, ai duk da sharaɗi yake tafiya: mu biyu mun san wasa ne, masu sauraro ma sun sani. In na ce wa Bakano bawana ne a rumfar kasuwa, dariya za a yi. In na rubuta a fili a X, yaro ɗan shekara 19 da ya tashi a Legas bai taɓa jin wannan wasan ba zai ɗauka cin zarafin kakanninsa nake yi.

Bakano: Bawan wa? Allah ya sawwaƙe. Admin a rubuta wannan cikin laifukansa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar har UNESCO ta sa wannan wasan cikin jerin al'adun duniya a 2014, ana koyar da shi a matsayin maganin rigima. Amma gaskiyar Bazazzagi ce, maganin yana aiki ne inda aka san juna. Masana sadarwa suna da bayani a kai, Marwick da boyd sun yi rubutu a kansa a 2011. A rayuwa kowane zance da wurinsa: yadda kake magana a majalisar abokai daban, gaban surukai daban, gaban malaminka daban. Intanet ta rushe katangun, ta tara su duka wuri guda. Magana ɗaya abokinka zai karanta, da surukinka, da ɗan wata ɗariƙa, da wanda ke neman abin da zai ɗauki hotonsa ya kai wani zaure. Babu jimlar da za ta yi wa waɗannan duka daɗi.

Hajiya Mai Sulhu: Ku ƙara da gaisuwa. Kafin Bahaushe ya kawo ƙorafi gaba da gaba, sai ya yi sallama, an ba shi wurin zama, an tambayi gida da iyali da gajiya, wataƙila an kawo ruwa. Minti biyu ko uku ke nan, kuma a cikinsu zuciya take sauka, kowa ya tuna wa ke gabansa. Masu sulhu sun san wannan, shi ya sa ba a fara zama da "me ya faru", sai an gama gaisawa an yi addu'a. A akwatin tsokaci kuwa kalmar farko ita ce "Ƙarya kake."

Sannan babu babba. A zaure na gaske in yara biyu suka ɗaga murya, gyaran murya ɗaya daga dattijo ya isa. A waya rubutun mai shekara 70 da na mai shekara 17 girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Yaro bai san da sa'an kakansa yake musu ba, dattijon ma bai san yaro ne ba balle ya ƙyale shi.

Injiniya: Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kun tsaya a kan abin da aka cire daga hira. Akwai abin da aka ƙara mata, kuma da gangan aka ƙara.

Manhaja irin ta Facebook ba ta jera maka rubutu bisa lokacin da aka yi shi. Tana ba kowane rubutu maki bisa hasashen ko za ka tsaya a kansa, ka danna, ka yi tsokaci, ka tura. Mai maki da yawa shi ke hawa sama. Facebook ta fito da alamomin nan na so da dariya da mamaki da baƙin ciki da fushi a 2016. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna daga 2017 kowace irin wannan alama, har da ta fushi, tana da maki 5, alamar yatsa ta yau da kullum kuwa maki 1. A Janairun 2018 kuma suka ƙara wa tsokaci da musayar martani nauyi. To wane rubutu ne ke jawo tsokaci 400 da mutane ke ta mayar wa juna? Ba sanarwar ɗaurin aure ba ce. Ma'aikatansu da kansu sun gano a 2019 cewa rubutun da ke tara alamar fushi ya fi yawan ƙarya da cin mutunci, sai a Satumbar 2020 aka mayar da makin fushin sifili.

Ga abin da ke faruwa daki-daki idan ka ga rubutun da ya ɓata maka rai. Ka tsaya ka karanta, an ƙirga. Ka buɗe tsokaci, an ƙirga. Ka rubuta "wannan jahilci ne", an ƙirga da nauyi, kuma yanzu za a iya nuna wa abokanka cewa ka yi magana a wurin. Su ma su shigo. Mai rubutun ya samu mutum dubu da bai da su jiya, kai kuma gobe a kawo maka irinsa guda uku, tunda ka nuna irinsa ke tsayar da kai. Martaninka na fushi shi ne kuɗin motar da ya kai rubutun gaba.

Dakta: Injiniya, akwai alƙaluma a kan haka. Binciken Brady da abokansa na 2017 a kan saƙonnin Twitter (wanda yanzu ake kira X) sama da 500,000 ya nuna kowace kalma mai haɗa hukunci da motsin rai, irin su "mugu", "kunya", "ƙiyayya", tana ƙara yaɗuwar saƙo da kusan kashi 20 cikin 100. Na Rathje da abokansa na 2021, a kan rubutu miliyan 2.7 na Facebook da Twitter, ya nuna kowace kalma da ke ambaton ɓangaren hamayya tana ƙara yiwuwar a tura saƙon da kashi 67. Yabon naka bai kai sukar nasu kasuwa ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Jami'ar Yale, shi ma 2021, saƙo miliyan 12.7: wanda ya yi rubutun fushi aka yaba masa, gobe yana ƙara yin irinsa. Horo ne ake yi wa mutum a hankali bai sani ba.

Lauya: Ina da ja, ranku ya daɗe. Kuna magana kamar waya ce ke mayar da salihi ɗan tasha. Akwai binciken Bor da Petersen na Jami'ar Aarhus, da suka yi a Amurka da Denmak, ya fito a 2021. Sun nemi hujjar cewa mutanen kirki suna canzawa a intanet, ba su samu ba. Abin da suka samu shi ne masu zafin baki a siyasar intanet su ne dai masu zafin baki a fili, mutane masu neman a san da su ko ta halin ƙaƙa. Bambancin shi ne a unguwa mutum goma ne ke jin rashin kunyarsa, kuma an san shi, ana kauce masa. A intanet dubbai ne ke gani.

Kuma su kaɗan ne. Cibiyar Pew ta auna a 2019 cewa kashi 97 cikin 100 na saƙonnin siyasar ƙasa da manyan Amurkawa suka yi a Twitter, daga kashi 10 na masu amfani da shi suka fito. Ku ƙirga a kowane zaure na mutum 500, za ku ga masu tayar da ƙura ba su cika wuce biyar ko shida ba. Sauran suna karantawa ne shiru, masu hankalin cikinsu kuma su ne ke fara ficewa. Shi ya sa wurin ke ƙara zafi: ba don kowa ya lalace ba, don masu sanyin sun bar fagen.

Kada kuma a manta da waɗanda sana'arsu ke nan. Sojojin baka sun daɗe a gidajen rediyon Kano kafin Facebook, yanzu an samu na waya da ake saya wa data. Wanda aka biya ya yi zagi ba rashin haɗa ido ke damun sa ba.

Dakta: Barista, ban ƙi naka ba, amma akwai gwajin da ya nuna mutumin kirki ma yana zamewa. Masu bincike na Stanford da Cornell a 2017 sun ɗauki mutum 667. Rabi aka ba su jarrabawa mai sauƙi, rabi mai wuyar da za ta ɓata musu rai. Sannan aka kai su su yi tsokaci a kan wani labari, wasu suka tarar da tsokaci uku na farko masu ladabi, wasu suka tarar da na tsokana. Masu sauƙin jarrabawa da suka tarar da wuri mai tsabta, kashi 35 na rubutunsu ya zama na tsokana. In ɗaya daga cikin biyun ya ɓaci, ya kai kusan kashi 50. In duka biyun suka haɗu, kashi 68. Suka kuma duba tsokaci sama da miliyan 16 na shafin CNN, suka ga abin ya fi yawa da tsakar dare da farkon mako.

Don haka ku biyun kuna da gaskiya. 'Yan kaɗan ne ke kunna wutar, amma da zarar tsokacin farko ya zama zagi, na bayansa yana ɗauka haka ake yi a nan.

Lauya: Wannan na yarda. Amma ka ga ya canza inda za a sa hannu. Wa'azi ga mutum 500 ba zai yi aikin da ladabtar da mutum biyar zai yi ba.

Bakatsiniya: Akwai abu ɗaya da ba a faɗa ba, kuma shi ke hana faɗa mutuwa. Gaba da gaba in ka ga ka yi kuskure, kana iya cewa "to ai shi ke nan" a yi dariya a wuce, gobe ba wanda zai iya maimaita kalmominka daidai. A rubuce kuwa maganar tana nan, da ranarta da lokacinta, an ma ɗauki hotonta. Ga 'yan kallo ana ta tura sitika ana cewa "ba shi amsa". Janyewa ta zama faɗuwa a gaban jama'a. Sai mutum ya ci gaba da kare abin da shi kansa ya daina yarda da shi tun martani na uku.

Mata kuma nasu ya fi muni. Namiji in ya yi kuskure a ce masa jahili. Mace in ta faɗi ra'ayi, ba a taɓa ra'ayin, sai a koma kan aurenta da shigarta da tarbiyyar gidansu. Wanda ke rubuta wannan ba zai iya faɗar rabinsa a gaban yayanta ba.

Admin: Madalla, kuma da kyakkyawar murya na faɗa, Malama. To mu koma kan aiki. Admin ya ga wuta ta fara, me zai yi, da wane tsari?

Injiniya: Lokaci shi ne komai. Martani uku zuwa biyar na farko su ke saita sauran, don haka admin da ya zo bayan awa uku ya zo jana'iza ne.

A WhatsApp, shiga saitin zaure ka mayar da aika saƙo na admin kaɗai. Minti 30 zuwa awa ɗaya ya isa in rana ce. In bayan sha ɗayan dare ne, bar shi har safe. Ka rubuta layi ɗaya cewa an rufe zuwa ƙarfe kaza, kada ka ambaci sunan kowa, kada ka yanke hukunci. Kuskuren da aka fi yi shi ne admin ya rufe zaure sannan ya zauna shi kaɗai yana zazzaga nasa ra'ayin a kan rigimar. Daga nan ya zama ɓangare, kuma da ya buɗe a kansa za a sauka.

A Telegram akwai saitin jinkiri, kana iya sa kowa ya jira daga 'yan daƙiƙoƙi har zuwa awa guda tsakanin saƙo da saƙo. Wannan ya fi rufewa gaba ɗaya, don hira ba ta mutuwa, musayar wuta ce kawai ba ta yiwuwa. A zauren Facebook kana iya rage saurin tsokaci a kan rubutu guda, ko ka rufe tsokacinsa, ko ka sa rubutun wani mutum ya riƙa jiran amincewarka, ko ka dakatar da shi na kwanaki.

Ɗan jinkirin nan kada a raina shi. Twitter ta gwada tambayar mutum ko yana so ya sake duba martaninsa in manhajar ta hango zagi a ciki, ta kuma sanar a 2021 cewa kashi 34 cikin 100 sun gyara ko sun fasa aikawa. WhatsApp ma da ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a 2019, sannan a 2020 ta mayar da wanda aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya tak, ta ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonnin ta ragu da kashi 70.

Hajiya Mai Sulhu: Bayan an rufe, a kira su a waya, ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba. Kira, ba rubutu ba. A fara da wanda ya fi jin an ci masa fuska, a bar shi ya zazzage duka ba a katse shi ba. Kada a ce ya ba da haƙuri a cikin zaure, wannan sabon faɗa ne. A nemi abu mai sauƙi: kowa ya goge nasa, a bar maganar. In za a ba da haƙuri, tsakaninsu.

Wanda zai kira ma a zaɓe shi. Ya zama wanda mai laifin yake jin nauyinsa, kuma daga ɓangarensa. Ɗan Izala ya tsawatar wa ɗan Izala, ɗan ɗariƙa ya tsawatar wa nasa, haka 'yan jam'iyya. In na waje ya yi, sai a ce an taru a kansu.

Dakta: Hajiya, har wannan an gwada. Wani mai bincike, Kevin Munger, ya yi amfani da shafukan bogi a Twitter yana yi wa Turawa masu zagin baƙar fata nasiha da jimla ɗaya. Nasihar ta yi tasiri ne idan ta fito daga shafin da ya yi kama da Bature ɗan'uwansu mai mabiya da yawa. Batun kira kuma, binciken Schroeder da Kardas da Epley na 2017 ya nuna in ka ji hujjar abokin hamayya da muryarsa, ka fi ɗaukar sa mai hankali fiye da in ka karanta kalmomin nan dai a rubuce.

Bakano: To ai sai mu koma saƙon murya gaba ɗaya, tunda mutanenmu ma sun fi son sa.

Malamar Hausa: A'a fa, Malam. Saƙon murya ya dawo da murya amma bai dawo da katsewa ba. Mai fushi ya danna ya yi minti bakwai yana magana, ba fuska a gabansa, ba mai cewa "tsaya, ba haka na ce ba". Yana yi yana ƙara hawa. Sannan ana tura shi wani wuri da muryarka a ciki, ba ka da ta cewa ba kai ba ne. Yana da amfani wurin bayani da ban haƙuri in bai wuce minti ɗaya ba. Wurin martani cikin fushi kuwa ya fi rubutu ɓarna, don rubutu ko ba komai kana ganin sa kafin ka aika, WhatsApp ma ta ba ka minti 15 ka gyara.

Ga mai rubutu, abu uku ne ke rage rashin fahimta. Yi sallama ka ambaci mutum da girmamawarsa kafin ka saɓa masa. Maimaita abin da ka fahimta ka tambaya ko haka yake nufi, wato ka mayar da "Iye?" ɗin da rubutu ya cinye. In wasa kake yi, nuna wasa ne. In kuma kun yi musaya uku ba wanda ya kawo sabon abu, maganar ta ƙare, saura nuna isa.

Ɗan Maraɗi: A kan dokokin zaure, a rubuta su gajeru a maƙala a sama, a kuma riƙa sake tura su kafin a buɗe batu mai zafi. Nathan Matias ya gwada a wani babban zauren kimiyya na shafin muhawara na Reddit, aka buga a 2019: liƙa dokoki a saman muhawara ya ƙara yawan sababbin shiga masu bin doka, ya kuma ƙara yawan sababbin da suka yi magana da kashi 70. Wato doka ba ta korar mutane, masu shirun nan da Barista ya ambata ita suke jira. Amma dokar ta faɗi aiki, ba hali ba. "A yi ladabi" ba ta da amfani, kowa yana ganin shi mai ladabi ne. "Ba a ambaton iyaye, ba a kafirta kowa, ba a kawo hoton maganar wani daga wani zaure" ita ce admin zai iya nunawa da yatsa.

Lauya: Hukuncin ma a rubuta shi tun kafin a san wa zai faɗa ciki: gargaɗi a keɓe, sai dakatarwa, sai cirewa. Ranar da aka yi wa mai kuɗin zaure sassauci, dokar ta mutu.

Sannan a tuna wa mutane rubutu hujja ne. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira miliyan 7, kuma an yi amfani da shi a kan 'yan jarida da masu sukar gwamnati har kotun ECOWAS ta ce a gyara shi. An gyara a 2024, aka rage faɗinsa. Amma ɓata suna yana nan a sashe na 391 da 392 na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, ga kuma ƙarar neman diyya. Wanda ya tura ƙazafin da wani ya rubuta, shi ma ya yaɗa.

Bakano: Na sauka daga kan NIN ɗin. Amma sojojin bakan nan fa, kira da nasiha ba za su yi musu komai ba.

Injiniya: Ba za su yi ba. Su ana gane su da alamu: batu ɗaya kullum, kalmomi iri ɗaya da na wasu shafukan a lokaci guda, ba sa amsa tambaya sai su sako wani zargin. Kada a yi musu martani, don martanin ne ake biyan su a kai. A kunna saitin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shiga, a sake sabunta mahaɗin gayyata in ya yaɗu, a cire su ba sanarwa.

Admin: To ga abin da za mu gwada a nan na wata ɗaya. Batun siyasa da saɓanin malamai ba a buɗe shi bayan ƙarfe goma na dare. Musaya ta wuce uku tsakanin mutum biyu, su koma keɓe. Hajiya da Barista su ne masu kira. Saƙon da ya karya doka ni zan goge.

Injiniya: Gyara ɗaya, Admin. In ka goge saƙon wani a WhatsApp, wurin yana nuna cewa admin ne ya goge, har da sunanka, kowa yana gani. Ka fara yi masa magana a keɓe ka ba shi minti goma ya goge da kansa. In ya ƙi, sannan ka sa hannu, kuma kada ka bari ya wuce kwana biyu, don bayan nan manhajar ba za ta ba ka dama ba.